Keken da Ya Fi Gudu a Karkace: Ina Lissafi Yake a Harkar Haɗa Gem?

Ɗan yayata yana aji biyar na sakandare, kuma hutun da ya wuce kusan a ɗakina ya ƙare shi, yana haɗa wasan gem a wata tsohuwar laftof ɗina da batirinta ba ya riƙe wuta. Wasan na keke Napep ne a cikin garin Bauchi: ka ɗauki fasinja a Wunti, ka kai shi Muda Lawal ko Yelwa kafin lokaci ya cika, kana kauce wa ramuka da awaki. Da Godot yake aiki, wata manhajar haɗa gem ta kyauta da aka saki ga kowa a 2014, wadda ba ta da nauyi, shi ya sa tsohuwar na'ura ke iya ɗaukar ta. Ranar da ya fara ya ce da ni, "Kawu, abin da ya sa nake son harkar nan, babu ruwanta da su x da y." Ban ce masa komai ba.

Bai cika mako guda ba ya kira ni. "Kawu, zo ka gani, keken nan kamar mai aljanu." Idan ya danna dama, keke na tafiya daidai. Idan ya danna sama, haka. Amma da ya haɗa biyun, sai keken ya zabura kamar direban ya hango 'yan kamen haraji. Ya duba rubutunsa, wato umarnin da ya rubuta wa na'ura, sau ba adadi, bai ga kuskure ba, kuma da gaskiyarsa, domin na'urar abin da ya ce ta yi shi take yi. Ya umarce ta da ta matsar da keke taku 5 zuwa dama idan an danna dama, taku 5 zuwa sama idan an danna sama. Na ɗauki biro na zana masa a bayan kwalin ashana: layi ɗaya kwance, ɗaya tsaye, sai na haɗa bakinsu. 5 sau 5, a tara da 5 sau 5, ya ba da 50, lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka 50 kuwa ita ce 7 da ɗan ɗoriya. Ke nan a karkace keken na cin taku 7.07 a lokacin da ya kamata ya ci 5, ƙarin gudu na kashi 41 cikin 100. Ya kalli kwalin, ya kalle ni. "Wai Faitagoras ne? Ai tun ƙaramar sakandare muka yi shi." Eh, shi ne. Maganin kuma layi ɗaya ne na rubutu: a raba tafiyar da tsawonta kafin a ninka da gudun da ake so.

Na kawo wannan ne domin musun da nake ji tsakanin matasan da ke sha'awar harkar, daga ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) zuwa yaran da ke wuni a gidajen gem na Gwallameji. Wasu na cewa zamanin lissafi ya wuce, tunda injunan gem, wato manhajojin haɗa gem irin su Unity da Unreal da Godot, sun ɗauke wa kowa wahala. Wasu kuma, galibi waɗanda suka ɗan yi nisa a karatu, na tsorata na baya da cewa wanda bai ƙware a kalkulas ba, wani reshen lissafi mai zurfi, kada ma ya soma. Ni a ganina ɓangarorin biyu sun ɗauki kalmar lissafi da ma'anar da muka taso da ita a aji, wato saurin fitar da amsa a kan takarda kafin malami ya ce a ajiye biro. Wannan kam na'ura ta karɓe shi tuntuni, kuma babu wanda zai yi kewarsa. Abin da ba ta karɓa ba shi ne iya faɗin abin da kake so da harshen lambobi. Injin gem kamar injin niƙa yake: ba ya gajiya, ba ya kuskure, amma abin da ka zuba masa shi zai niƙa maka, in dawa dawa, in tsakuwa tsakuwa.

Sai mutum ya san yadda gem yake daga ciki kafin ya gane dalili. Abin da ido ke gani a matsayin motsi hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, galibi 60 a sakan guda. Kafin kowane hoto, na'ura na yin abu uku: ta duba abin da aka danna, ta sake lissafa inda kowane abu yake, ta zana. Keke a wurinta lambobi ne biyu, nisansa daga hagu da nisansa daga sama. Akuya ma haka, rami ma haka. X da y ɗin da yaron ya gudu ya bari a makaranta su ne suka tarbe shi a bakin ƙofa.

Daga nan matsala ta biyu ta fito. Ya tura wasan ga abokai biyu su gwada. Mai ƙaramar waya ya ce keken kamar ya ɗauko buhunan masara, ba ya sauri. Mai sabuwar waya ya ce ba ya tuƙuwa, kafin ka ƙifta ido ya shiga kwata. Rubutu ɗaya, sakamako biyu. Dalili shi ne ya ce keke ya matsa taku 5 a kowane hoto, alhali wayar farko hoto 30 take iya zanawa a sakan, ta biyun kuma 120. Taku 150 ke nan a nan, 600 a can. Gyaran shi ne ƙa'idar da kowane direban Bauchi zuwa Jos ya sani ba tare da an koya masa ba: nisa daidai yake da gudu sau lokaci. Ka faɗi gudu a sakan, ka ninka da ɗan lokacin da ya wuce tun hoton baya. Godot ma miƙo maka wannan lokacin yake yi a hannu, da sunan delta. Yaron ya sha ganin kalmar a rubutunsa, bai taɓa tambayar amfaninta ba.

Tsalle ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ake ganin bambancin mai lalube da mai ido. A ce kana so ɗan wasanka ya yi tsallen mita 2, ya kai ƙololuwa cikin rabin sakan. Mai lalube zai zauna yana canza lambobi biyu, ƙarfin tashi da ƙarfin jan ƙasa, ya gwada, ya ga ya yi sama da yawa, ya rage, ya ga ya zama kamar a cikin ruwa, ya ƙara, har la'asar. Wanda ya tuna darasin motsi na fiziks zai fitar da su a minti ɗaya: jan ƙasa 16, gudun tashi 8. A lura, jan ƙasa na gaskiya 9.8 ne, kuma ba shi aka ɗauka ba. Masu haɗa gem ba su damu da kwaikwayon duniya yadda take ba, abin da ke daɗi a yatsa suke nema. A Super Mario Bros na 1985, faɗowar Mario ta fi tashinsa sauri, kuma tsawon tsallen ya danganta da daɗewar da ka yi kana danne da maɓalli, abin da babu mahalukin da ke yi. Ƙarya ce aka shirya da gangan, kuma sai wanda ya san ƙa'idar zai san ta inda zai karya ta.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da na fi so a nuna wa duk mai shakka. Kana da mai gadi a wasanka, kana so ya ga ɓarawo idan yana gabansa, kada ya gan shi idan yana bayansa. Ta yaya na'ura za ta san gaba da baya? Ana amfani da bekta, wato kibiya mai tsawo da alƙibla. Kibiya ɗaya tana nuna inda mai gadi ya fuskanta, a ce gabas, 1 da 0. Ta biyu tana tashi daga mai gadi zuwa ɓarawo, a ce 3 da 2. Ka ninka na farko da na farko, na biyu da na biyu, ka tara: 3. Amsa ta haura sifili, ɓarawo na gaba. Da ɓarawon na a −4 da 1, amsa −4 ce, yana baya, ya sha. Ninkawa biyu da tarawa ɗaya, ɗan firamare zai iya. Kuma da wannan dabarar ake lissafa yadda haske ke sauka a fuskar 'yan ƙwallo a eFootball: bangon da ya fuskanci fitila ya yi haske, wanda ya juya mata baya ya yi duhu. Wuyar ba a ninkawar take ba. Wuyar ita ce sanin cewa wannan ce amsar tambayarka, kuma injin ba zai gaya maka ba.

Sai harsashin da ke ratsa bango kamar mai layar zana. Harsashi mai gudun mita 600 a sakan yana tsallake mita 10 tsakanin hoto da hoto. Bango mai kaurin taƙi ɗaya, a wannan hoton harsashi na gabansa, a na gaba yana bayansa, babu hoton da suka haɗu, don haka a wurin na'ura ba su taɓa juna ba. Injunan zamani suna da maganin wannan, akwai wurin da za ka kunna. Amma wanda bai san ciwon ba ba zai nemi maganin ba, sai dai ya ce manhajar ce ta lalace.

Wani reshen lissafin da ake mantawa da shi shi ne na sa'a da yiwuwa, kuma shi ne ya fi saurin jawo wa mai gem zagi. Duk wanda ya buga ludo a waya ya taɓa rantsuwa cewa an yi masa maguɗi, ya jefa sau shida bai ga shida ba. To, ko da ɗan ludon na gaskiya ne, a cikin mutum uku da suka jefa sau shida, kusan ɗaya ba zai ga shida ko sau ɗaya ba. Haka idan ka sa wata kyauta a wasanka ka ce tana fitowa sau ɗaya cikin 100, zuciya na gaya maka duk wanda ya gwada sau 100 zai samu. Ba haka ba ne: kusan mutum 37 cikin 100 za su gwada sau 100 su tashi hannu rabbana. Waɗannan su ne za su goge wasan su kuma hana abokansu saukewa. Shi ya sa masu wayo ke sa dokar cewa bayan an rasa sau kaza, dole a samu. Yawan wannan kaza ɗin ba a mafarki ake gano shi ba.

Abin da muke kira wayon na'ura ma, idan aka buɗe cikinsa, yawanci lissafi ne mai sauƙi da aka jera da hikima. A Pac-Man na 1980, wasan da dodanni masu launi daban-daban ke bin ka cikin lunguna, kowane dodo yana da gurbin da yake hari, kuma a kowace mararraba yana zaɓar hanyar da ta fi kusa da wannan gurbin. Jan dodon yana harin inda kake. Mai ruwan hoda yana harin gurbi huɗu a gabanka, shi ya sa kake ji kamar tare ka yake yi. Mai ruwan lemo yana bin ka idan yana nesa, amma da ya matso ƙasa da gurbi takwas sai ya juya ya nufi lungunsa. Auna nisa ne kawai, amma mutane sun shekara suna cewa dodannin na da hali irin na mutane. Shi wannan wasan kuma yana rikicewa a mataki na 256, rabin fuskar ya cika da tarkacen haruffa, domin ma'ajiyar da ke ƙirga matakan daga 0 zuwa 255 kawai take iya riƙewa.

Na sha tunanin me ya sa har yau yaranmu ba su cika damuwa da mayar da dara cikin waya ba, alhali gurbi 30 ne kawai, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Zana ta aikin yini ɗaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne sa na'ura ta buga da kai har ta ci ka. Dole ta hango gaba: in na yi nan, zai yi can, sai in yi nan. A ce kowane juyi akwai zaɓi 10. Hangen juyi huɗu yanayi 10,000 ne, juyi shida miliyan ɗaya, juyi takwas miliyan 100. Tsohon da ke zaune gindin bishiya yana dara ba ya bin duk waɗannan, kallo ɗaya yake yi ya watsar da mafi yawansu. Koya wa na'ura ta watsar da abin da ba shi da amfani, da kuma ba kowane yanayi maki, shi ne aikin, kuma lissafi ne tsantsa ko da babu alamar sayin ko kosayin na lissafin kusurwa a ciki. Neman hanya ma haka: dabarar da akasarin wasanni ke amfani da ita don abokin gaba ya zagaye gini ya same ka an wallafa ta tun 1968, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, kuma don wani mutum-mutumi aka ƙirƙiro ta, ba don wasa ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya shafe mu fiye da mai haɗa gem a Turai. Wanda zai buga wasanka a Bauchi, a mafi yawan lokuta, ƙaramar Itel ko Tecno ce a hannunsa, ma'ajiyarta cike da hotunan biki, batirinta na neman caji. Idan kana son hoto 60 a sakan, kana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na sakan ka gama komai. A ce abubuwa 100 ne ke yawo a fuskar wasan, kana duba ko wani ya yi karo da wani. Idan ka gwada kowa da kowa, gwaji 4,950 ne a kowane hoto, waya za ta ɗauka. Ka mayar da su 1,000, gwajin ya koma 499,500, kusan miliyan 30 a sakan. Abubuwa sun ninku sau 10, aiki ya ninku sau 100, waya ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Wanda ya gane wannan zai yanka filin gida-gida, ya riƙa gwada kowa da maƙwabtansa kawai, domin akuyar da ke Yelwa ba ta da yadda za ta yi karo da keken da ke Wunti. Mai babbar na'ura zai iya yin sakaci ƙarfin na'ura ya rufa masa asiri. Mu ba mu da wannan gatan.

Kuma haka manyan suka fara. Wasan Doom na 1993 ya yi aiki a kwamfutocin da wayar hannunka ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda John Carmack, wanda ya rubuta injinsa, ya yi amfani da dabarar rarraba fili tun kafin a fara wasa, yadda na'ura za ta san bangon da za ta fara zanawa ba tare da dogon bincike ba. Da aka saki rubutun wasan Quake III Arena ga jama'a a 2005, mutane sun tarar da wasu 'yan layuka masu wata baƙuwar lamba da ke fitar da wani lissafi cikin sauri na ban mamaki. Amfanin lissafin kuwa shi ne raba kibiya da tsawonta, wato ainihin abin da ɗan yayata ya buƙata don hana kekensa zabura a karkace. Su dai sau dubbai suke yin sa a kowane hoto.

To amma kada a ɗauka ina goyon bayan masu tsoratarwa. Akwai lissafi mai zurfi a harkar, gaskiya ne, sai dai ba kowa ne zai sha daga wannan rijiyar ba. Juya abu a sarari mai fuska uku, misali, Unity na yin sa ne da wasu lambobi 'yan huɗu-huɗu da William Rowan Hamilton ya gano a Dublin a 1843, har ya kankare ƙa'idarsu a jikin wata gada don murna. Dubban mutane na juya motoci da jirage a wasanninsu kullum da waɗannan lambobin ba tare da sun iya bayanin cikinsu ba, kuma babu laifi. Wanda zai gina injin kansa, ko ya rubuta yadda ruwa ke kwarara da yadda riga ke kaɗawa a iska, shi ne zai zauna da metiris, wato lissafin lambobin da aka jera layi-layi, da kalkulas. Mai zane, mai kiɗa, mai tsara labari, mai wasan tambaya da amsa ko na kacici-kacici, kowa na da wurinsa da tarawa da ɗebewa kawai. Flappy Bird, wanda wani ɗan Biyetnam ya haɗa shi kaɗai a 2013 ya kuma zagaye duniya, lissafinsa bai wuce jan ƙasa da karon akwati da akwati ba. Abin da mai rubuta gem na yau da kullum ke buƙata kusan duk yana cikin manhajar karatun da ake jarrabawar WAEC da NECO a kanta: Faitagoras, kusurwa da sayin da kosayin, jadawalin x da y, ƙa'idojin motsi, yiwuwa, sai bekta ga wanda ya ɗan leƙa gaba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka ba mu wannan ilimin. Na tuna shekarar da muka haddace sayin da kosayin da waƙa, muka cika littafi da tsani jingine da bango, babu wanda ya taɓa ce mana da su ake sa abu ya zagaya da'ira, ko a nuna bakin bindiga inda abokin gaba yake. Ba na ɗora wa malaman laifi kacokan, mutum ɗaya da ɗalibai sun fi 80 da guntun alli, me zai yi? Amma sakamakon shi ne yaro ya fito yana ganin lissafi horo ne da ake yi wa mutum don a ba shi kiredit. Shi ya sa idan matashi ya tambaye ni ko sai ya koyi lissafi kafin ya fara gem, nakan ce ya fara gem ɗin yau, lissafin zai zo ya same shi, kuma a ranar zai shiga kansa domin yana da ramin da zai zauna. Abin da ba na yarda da shi shi ne idan ya zo, a kwafo amsa daga intanet a manna a wuce. Wannan bashi ne, kuma ranar biya ita ce ranar da abin da ka manna ya ƙi aiki ba ka san ta ina za ka kama shi ba.

Shekaranjiya da daddare, ana dawo da wuta, yaron ya sake leƙo ɗakina da laftof a hannu. Yana so keke ya juya digiri 90 idan ya sha kwana, ya rubuta 90, sai keken ya karkace ya fuskanci wani lungu da babu titi. Na ce masa wurin da ya rubuta ba da digiri yake awo ba, da radiyan yake yi, inda zagaye guda bai wuce 6.28 ba. Da ya ce 90, keken ya yi zagaye 14 cur a wuri ɗaya, ya ƙara kusan digiri 117 a kai. Abin da yake nema 1.57 ne.

"Daga ina kuma 6.28 ta fito, Kawu?"

Na ce ya ɗauko murfin tukunya da zare daga wurin mamansa, ya zo mu auna.